Ƙafar Muntaka da Idon Surukinsa

A Gumel, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, idan kana son ka ga jijiyar wuyan masu kallon ƙwallo ta miƙe, ka ambaci sunan Muntaka Baduku. Rumfarsa tana bakin kasuwa, inda yake ɗinkin takalma da kube da zabira. Abin takaicin shi ne, bakin rumfar tasa ne mutanen nan suka mai da wurin hirarsu. Suna shan inuwarsa, suna cin namansa, shi kuwa yana zaune da basilla a hannu yana jin su.

Muntaka bai taɓa shiga aji ba. Yana saurayi malaman elementare suka kawo masa tamaularsu ta yage ya ɗinke. Da ya gama sai ya ce bari ya gwada ƙarfin ɗinkin, ya ɗaga ta da ƙafar hagu, ya yi ta wasa da ita a gaban rumfa bai bari ta taɓa ƙasa ba. Malamin da ya zo karɓa ya saki baki. Kafin damina ta sauka an sa shi cikin 'yan wasan gari, tare da malamai da ma'aikatan En'e, shi kaɗai baduku, ba takalmi a ƙafarsa duk da shi ke ɗinka wa mutane.

Ran da wasa ya karɓe shi, ba a magana. Sai ya nufo mai tsaron baya kamar zai bi dama, mutum ya zube can, shi kuwa ya riga ya wuce ta hagu. 'Yan Maigatari sun sha komawa gida a mota ba mai ce wa wani uffan. Amma akwai wasu ranakun da za ka rantse wani aka sako cikin rigarsa. Sai ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili, kai a sunkuye, yana ta jan gajeren wandonsa ƙasa. A ba shi ƙwallo ya tura wa na kusa kamar ta ƙone shi.

Shugaban masu surutu shi ne Hudu mai gyaran keke, wanda bai taɓa buga ƙwallo ba ko a mafarki, amma ya fi alƙalin wasa sanin doka. Bayan Muntaka ya bar wasa ma bai huta da bakinsa ba.

"Wallahi ƙafar hagun nan, ko a Kano sai an tona," in ji Hudu, yana nuna shi da sifana. "Amma zuciya fa? Babu! Ran da ya ga dama ya yi, ran da bai ga dama ba ya kunyata mu."

Wani ya ce girman kai ne. Wani ya ce 'yan Gagarawa ne suka binne masa laya a bakin fili. Wani ma ya rantse an ba shi akuya ya sayar da gari. Kowa da nasa ilmin, kuma duk cikinsu babu wanda ya taɓa waiwayawa ya dubi gindin tsamiyar da ke gabas da fili, inda wani dattijo mai malafa kan ɗaure jakinsa ya zauna.

Dattijon nan shi ne Malam Haladu, manomi daga Sule Tankarkar, uban Rakiyya matar Muntaka. Lokacin da ya ba da 'yarsa, danginsa sun yi masa ca. Suka ce ya rasa wanda zai ba sai ƙaton da ke bin fata a guje da rana tsaka. Malam Haladu ya ce yaron yana da sana'a, yana da ladabi, kuma an ce a wasan nan nasa babu kamarsa a ƙasar Gumel. Tun daga nan duk ran da ya shigo cin kasuwa ya ji ana wasa, sai ya karkata jakinsa zuwa fili, don ya gani da idonsa ya koma ya rufe bakin 'yan'uwansa.

To, ina Bahaushen da zai zuba gudu da cinya a waje a gaban surukinsa? Mutumin da Muntaka ba ya iya faɗin sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Da zarar ya ga malafar nan a gindin tsamiya, sai gudu ya gagare shi don kunya. Shi kuma tsohon ya zauna har a tashi, ya hau jakinsa ya koma gida, 'yan'uwa su tare shi da dariya: "Yaya gwanin naka? Wasan ma ashe bai iya ba?"

Wannan magana ita ke cin Muntaka, ba haushin su Hudu ba. Mutum ya tsaya maka a gaban danginsa, kai kuma kullum ka mai da shi maƙaryaci. Ga shi ba dama ya aika a ce wa tsohon ya daina zuwa, don wannan rashin kunyar ya fi na gudun. Ba dama kuma ya faɗa wa 'yan kallo, don gobe sunan surukinsa ya zama abin tauna a bakin kasuwa. Sai ya haɗiye, ya yi ta huce haushinsa a kan fata.

Wasan da ya kashe shi na Gagarawa ne. Ya yanke kowa, saura shi da gola, gari duk ya miƙe tsaye. Ashe tsohon ya taso daga gindin tsamiya ya dawo bayan turakun gola don ya gani da kyau. Muntaka ya ɗago kai, suka yi ido huɗu. Ya kawar da fuska, ya tura ƙwallo a hankali cikin hannun gola kamar mai miƙa goro. Ranar har jifa ya sha. Ya koma gida ya naɗe wandon ya jefa ƙarƙashin gado, bai ƙara taka fili ba.

Shekaru suka shuɗe. Idon Malam Haladu ya fara hazo, har ya rufe gaba ɗaya. Ƙaninsa Hamma ya kawo shi Gumel neman magani, suka sauka gidan wani ɗan'uwansu. A makon nan ne 'yan Maigatari za su zo wasa, ga shi zazzaɓi ya kwantar da mai buga wa Gumel gaba. Hudu, da bakinsa, ya zo rumfa yana lallashi.

"Haba Muntaka, ka taimaki gari mana."

"Garin da na sayar a kan akuya?" in ji Muntaka. "Tashi ka ba ni wuri kafin in huda ka."

Da ya koma gida Rakiyya ta ajiye masa tuwo, ta zauna gefe tana tsince wake. Ba ta dube shi ba ta ce, "Baba ya ce a kai shi fili gobe, ko ihu ne ya ji."

Muntaka ya ci gaba da cin tuwonsa.

"Yanzu ai ba ya gani," in ji ta.

Ya tsame hannu daga kwano ya zuba mata ido. Ashe duk shekarun nan ta sani, ita ma kunyar ce ta ɗaure mata baki. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wandon a wanke, a ninke.

Washegari da la'asar Muntaka ya shiga fili da tumbi da furfura a gemu, 'yan Maigatari suna ta yi masa dariya. Ya dubi gindin tsamiya. Tsohon na nan da malafarsa, fuskarsa na kallon wani gefe daban. Aka busa usur. Abin da Muntaka ya yi ranar, waɗanda suka gani har suka tsufa suna gardama a kansa. Ya ci, ya ƙara ci, ya ba wani ya ci. Yana gudu yana huci, kuma ba murna ce a fuskarsa ba, haushin shekaru ne yake saukewa a kan fatar da shi ya ɗinka.

Kada ka ce su Hudu sun gode. Ana tashi Hudu ya sha gabansa, ido jawur.

"Ashe kana da wannan a ƙafarka ka hana mu shekara da shekaru? Mugu! Wallahi gara a ce ba ka iya ba!"

Muntaka ya ture shi, ya zura riga da dogon wando, ya nufi tsamiya. Tun daga nesa ya rage tsawo, ya isa ya durƙusa, numfashinsa bai gama dawowa ba.

"Baba, barka da yamma. Yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Na ji ƙasa tana girgiza. Wa ya yi wannan aiki haka?"

Hamma ya ce, "Yaya, surukinka ne. Wallahi shi ne. Ban taɓa ganin irin wannan ba."

Mutane suka taru, kowa na rantsuwa, har da Hudu. Tsohon ya saurare su duka, ya yi murmushi, ya girgiza kai.

"Allah ya yi muku albarka. Haka kuke gaya mini tun ina da ido, kuma na zo na duba da kaina ba sau ɗaya ba. Yanzu don kun ga na makance, har da kai Hamma?"

Ya lalubo kafaɗar Muntaka ya dafa.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Ba kowa Allah ya ba wasa ba. Ka iya ɗinki, ka riƙe mini Rakiyya da mutunci, ni ya ishe ni."

Muntaka ya so ya faɗa masa gaskiya, duk da zafinta. Amma ba a musu da suruki. Ya sunkuyar da kai, gumin wasan yana ɗiga daga gemunsa.

"To, Baba," in ji shi.