Tsallen Neville

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina auren Neville Trewin, kuma har yau ban ga mai taurin kai a kan abin da bai taka kara ya karya ba irinsa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a kan babur a unguwar Footscray, karnukan unguwa sun cije shi sau uku, bai riƙe ko ɗaya a zuciya ba. Amma ka ce masa kana goyon bayan masu koriyar riga, to ko gaisuwarka sai ya yi tunani kafin ya amsa.

Ƙungiya biyu gare mu a Melbourne a gasar gajeren kurket, wasan ƙwallo da sanda, wannan da ake gamawa cikin awa uku ana kiɗa ana harba wuta sama: masu ja da masu kore. Da aka fara gasar, Neville ya zage ta tas. Ya ce kurket na gaskiya kwana biyar ake yi cikin fararen kaya, wannan kuwa tsalle-tsalle ne cikin kayan barci. Bayan mako biyu wani abokin aikinsa ya ba shi tikiti, ya dawo mini gida da jar riga da jar hula, muryarsa ta dushe. Hujjarsa ɗaya ce: mu 'yan yammacin kogi ne, kore kuwa na masu hannu da shuni ne na gabas. Koren labulen kicin da na ɗinka da hannuna, na je wurin ƙanwata kwana biyu na dawo na same shi a gareji, an lulluɓe injin yankan ciyawa da shi.

Maƙwabcinmu Kosta, wanda ya tsufa yana soya kifi da dankali a bakin tasha, shi ne abokin gardamarsa. Duk safiyar da ta biyo bayan wasa sai sun haɗu a jikin shinge, ni kuma ina shanya ina shan surutu.

"Ina kwana, sarkin biyayya," in ji Kosta. "Jiya ma an sha kashi?"

"An sha. Kai kuma yau wace riga ka kwana da ita?"

"Ni ɗan wasa nake bi, inda ya je nan na je."

"Shi ya sa bara kana bayan ƙungiyar Perth, bana kana bayan ta Hobart. Kai ko kunya ba ka ji?"

"Haba Nev! Gasar nan fa firjin gidanka ya girme ta. Yaran da kake wa wannan haƙilo, rabinsu bara kore suka sa, badi kuma Allah kaɗai ya san inda za su faɗa. To wa kake wa biyayyar? Yadi?"

"Rigar nake wa," in ji Neville yana dukan ƙirji. "Mutum ya zo ya wuce, riga tana nan."

Ni ce mai wanke rigar, na kuma san ta yage a hammata tun shekara huɗu da suka wuce.

Duk wannan da sauƙi, da ba don Kirrily ba. Jikarmu ce, 'yar ɗanmu Dale. Tun tana shekara huɗu Neville ya damƙa mata sandar duka a bayan gida, ya kafa mata kwandon shara a matsayin sandunan nan uku da mai duka ke karewa, yana jefa mata ƙwallo har kafaɗarsa ta soma ciwo. Duk Asabar shi ke kai ta wasa, da yankakken lemo a cikin kula. A nan kam ba ni da abin faɗa a kansa, ya yi wa yarinyar nan abin da ko ubanta bai yi ba.

Tana da shekara goma sha tara ta shigo kicin ɗina wata Laraba, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Kaka, sun ɗauke ni! Gasar mata, ranar Lahadi zan fara."

Neville ya rungume ta yana hawaye, har ya taka wa kyanwa jela. Sai da ya share ido sannan ya ce, "Su wa?"

"Masu kore."

Ya nemi kujera ya zauna.

"Tsaya, tsoho, ban gama ba," in ji ta. "Ka san sabon ɗan wasa a fili ake miƙa masa hularsa kafin a fara, a tsakiyar 'yan ƙungiya. Sun ce in zaɓi wanda zai miƙa mini. Kai na zaɓa."

"Da wa za ku buga?"

"Da ku."

Kwana uku mutumin nan yana zagaya gida kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ranar Asabar haƙurina ya ƙare. Na ce, "Neville, abu ɗaya yarinyar nan take nema a wurinka: ta ɗaga kai ranar farko ta ga kana bayanta. In ka hana ta wannan, ni da kai ne."

"Ina bayanta mana, Noelene. So nake ta ci maki hamsin, mu kuma mu ci wasan. Ina laifi a nan?"

Ya yarda zai miƙa hular, amma da jar rigarsa zai je, kuma cikin 'yan uwansa masu ja zai zauna. Na gaji, na ce oho. Wannan ohon nawa har yau ina jin haushinsa.

Ranar Lahadi da rana ya fita kunya, in faɗi gaskiya. Ya shiga tsakiyar 'yan mata goma sha ɗaya masu kore, shi kaɗai ja. Da farko da yatsu biyu ya riƙe hular, amma da ya zo gabanta sai ya sa hannu biyu ya daidaita mata a ka, ya ce, "Ƙwallon za ki kalla, 'yar nan, ban da jama'a." Masu kamara suka ɗauka, 'yan kallo suka tafa, ni kuma na jiƙa hankici. Daga nan ya ƙetare fili ya koma cikin mutanensa. Ni da Dale da Kosta muka zauna a ɓangaren iyalan 'yan wasa.

Wasa ya yi zafi har ƙarshe. Saura jifa huɗu, masu kore na neman maki shida su ci, sai ga Kirrily ta fito da sandarta. Na kama hannun Dale. Mai jifar masu ja ta sheƙo ta saki ƙwallo, ƙwallon ta wuce ta ƙarƙashin sandar Kirrily ta watsa sandunan nan uku. Jifar farko a rayuwarta a gasar, an fitar da ita ba ko maki ɗaya.

A babban allon filin aka sako hoton 'yar agwagwar nan da ake raka duk wanda ya fita da sifili da ita. Wannan kowa ya saba. Amma mai kamara bai manta da tsohon da ya miƙa hula ba, ya juya kansa. Sai ga mijina ya cika allo, ƙafafu biyu a sama, ya dunƙule hannu, baki a wangame, yana dira ya rungume wani ƙato da bai taɓa gani ba. Suka maimaita a hankali, har sau biyu. Fili ya ɗauki dariya. Kirrily tana tafiya ta ɗaga kai ta kalli allon, ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuyar da kai ta shige.

"Wayyo Nev," in ji Kosta a hankali. Ko tsokanar bai iya yi ba.

Na san bai yi da niyya ba. Shekara da shekaru duk lokacin da sandunan masu kore suka zube ƙafafunsa ke tashi da kansu, ba sa shawara da kowa. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Mun fi awa guda a wurin ajiye motoci kafin ta fito. Masu ja sun ci wasan, amma Neville ya cire hularsa yana murza ta. Duk tsawon lokacin nan yana da damar shirya magana, ga abin da ya fito daga bakinsa:

"'Yar nan, jifar ce ta yi kyau. Ko wa aka yi wa ita sai ya fita."

"Na san ta yi kyau, Kaka. Ni aka jefa wa."

"Ban san ke ba ce... wato na sani, amma..."

"Ba komai." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Mako mai zuwa ka kalla a gida. Can babu kamara."

Ta sumbace ni a kumatu, ta shiga motar ubanta.

Ranar Asabar ta zagayo suka buga da 'yan Adelaide. Neville ya zauna a gaban talabijin cikin farar singileti, ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa, bai motsa ba har ta ci maki talatin da ɗaya. Da yamma wayata ta yi ƙara. Ita ce, murya cike da murna, tana ba ni labarin duka ɗaya bayan ɗaya. Neville ya taso ya tsaya a gefena ya miƙo hannu yana jiran wayar.

"Ga kakanki nan," na ce.

"Ki gaishe shi, Kaka. Ana kiranmu cin abinci."

Ta kashe. Sai na tafi ɗora ruwan shayi. Da na leƙo daga kicin yana tsaye a inda na bar shi, bai sauke hannun ba.