Yadda Zinovia Ta Koyi Rage Murya

Duk unguwar Arcella ta birnin Padova a Italiya babu baƙuwar da Italiyancinta ya yi suna kamar Zinovia Cebotari. Mai kantin magani ya san shi, mai burodi ya san shi, matar da ke hawa na huɗu ta haddace shi. Ba su da zaɓi ne. In Zinovia ta yi magana a kicin, har mai jiran bas a tsallaken titi yakan san lokacin shan maganin hawan jini ya yi.

Tana da shekara arba'in da shida ta baro ƙauyensu a Moldova, inda ta yi shekara ashirin tana aikin laburare, wato tana hana mutane ɗaga murya. Ta sauka da kalmomin Italiyanci uku, biyu daga ciki sunayen abinci. Aikin da ta samu shi ne wanda yawancin matan ƙasarsu ke samu: zama gida ɗaya da tsoho, ana dafa masa ana yi masa wanka. Nata tsohon Amilcare Zanotti ne, mai shekara tasa'in da ɗaya, maƙerin tukwanen tagulla a zamaninsa, wanda guduma ta cinye wa kunnuwa. 'Yarsa Ornella ta saya masa na'urar ji. Ya jefa ta a durowa, ya ce ta tsofaffi ce.

Shi ne makarantarta. In ta faɗi kalma bai amsa ba, sai ta ɗauka kuskure ta yi, ta sake faɗa da ƙarfi. In ya gyaɗa kai, ta san ta dace. A haka ta gano cewa Italiyanci harshe ne da ke ƙara yin daidai gwargwadon ƙarfin da aka sa masa. Da nata harshen kuwa har yau sai ka matso kafin ka ji ta.

Shekara shida ba wanda ya ga aibun wannan, sai da maganar jarrabawa ta taso. Mai son takardar zama ta dindindin dole ya ci jarrabawar harshe, Zinovia kuma tana son takardar. An haifa mata jika a gida, tana so ta riƙa zuwa tana dawowa ba tare da fargabar sabunta takarda ba.

Ranar Alhamis da yamma masu kula da tsofaffi ke hutu, sai su cika bencunan lambun da ke kusa da tashar jirgi. Can ta kai maganar gaban Raisa, 'yar ƙasarsu, wadda ta shekara ashirin da biyu a Italiya, ba a kuma cike fom a bencin nan sai ta duba.

"Gaishe ni da Italiyanci mu ji," in ji Raisa. "Ki ɗauka ni ce malamin."

Zinovia ta gaishe ta. Tattabarun lambun suka tashi gaba ɗaya.

"Ke Zina, jarrabawa za ki ko kiran shanu?"

"Yaya Raisa, ai haka ake faɗa."

"Haka ake faɗa wa kurma. Malamai uku za ki tarar, kowa da kwat, suna kallon bakinki. Kika yi musu wannan, kafin ki kai sunanki an kira ɗan sanda. Murya suke aunawa, 'yar'uwa. Ladabi."

Nan take Raisa ta ɗauke ta ɗaliba. Takan riƙe takardar goge baki a gaban leɓenta, in takardar ta motsa a sake daga farko. Ta kuma kafa mata sharaɗi: a gida ma haka, in ba haka ba aikin banza suke yi.

Zinovia mace ce mai bin doka. Washegari ta ajiye wa tsohon kofinsa, ta ce masa barka da asuba a hankali, yadda ake wa malami mai kwat. Amilcare ya ga leɓe na motsi, bai ji komai ba. Ya yi zaman aure na shekara hamsin da huɗu, ya san ma'anar mace ta yi shiru.

Ya daure kwana biyu. Rana ta uku ya kama hannunta.

"'Yata, in don ƙwayar maganin da nake binnewa a tukunyar fure ne, na daina."

Ba ta san da ƙwayar ba. Ta ce masa ba komai, Baba, a hankali. Bai ji ba, ya ɗauka laifin bai kai ba, ya ƙaro. Miyar kayan lambu, in ta juya baya, kyanwar maƙwabta ke shanyewa. Kafin mako ya ƙare ya nuna mata kwalbar da ke bayan littattafai, da sigarin da ke cikin takalmin zuwa coci, har ya tona asirin wata budurwa Iolanda ta shekarar 1961 wadda ba wanda ya tambaye shi labarinta.

Da laifuffuka suka ƙare sai ya bugo wa 'yarsa waya. Ornella ta zo ba ta ko cire rigar sanyi ba.

"Zinovia, me likita ya gaya miki da bai gaya min ba? Baba ya ce kin fara yi masa raɗa kamar a gaban gawa. Ya daina cin abinci. Matar sama ma ta tare ni a matakala, wai kwana tara ba ta sha maganinta a kan lokaci ba."

Zinovia ta yi bayani, a hankali.

"Me kika ce?" in ji Ornella. Da ta fahimta sai ta ce takarda abu ne mai kyau, amma ita mai magana da ubanta ta ɗauka aiki, in kuma babu, akwai wasu a benci. Zinovia ta roƙi mako biyu. Mako biyun nan ta yi su tana kallon tsoho yana ramewa, tana raɗa masa ya ci, yana duban ta kamar mai jiran hukunci.

Ranar jarrabawa ta sa rigarta ta coci, ta tafi makarantar da aka rubuta mata tana maimaita gaisuwa a zuci. A ƙofar aji wata mata ta karɓi fasfonta, ta nuna mata kujera da biro. Su talatin ne. Aka kunna lasifika, wata murya ta sanar da jirgin da ya makara, kowa ya sa alama a akwati. Suka karanta tallar gidan haya. Suka rubuta wa aboki gajeren saƙo. Bayan awa ɗaya aka karɓi takardu, matar ta nuna musu ƙofa da biron nan dai.

Da ta koma gida, tun daga bakin matakala Zinovia ta tambayi tsohon ko ya sha magani, da tsohuwar muryarta. Gilashin taga ya amsa. Amilcare ya cinye kwano biyu na taliya a ranar.

Sakamako ya fito ta ci. Alhamis ta kai takardar benci, ta miƙa wa Raisa.

"Yaya, ina malamai ukun? Ko tari ban yi a ajin nan ba."

Raisa ta ɗaga takardar ta duba hatimi, ta ce mai kyau ne, ta ce kuma kowa ya ga amfanin shiri.

Raisa da fasfon Romaniya ta shigo Italiya, ta wajen kakarta. Masu irinsa, 'yan Tarayyar Turai, ba a yi musu jarrabawar.