Hular da Muka Aika wa Baba Bakin Daga

Wata ranar Laraba da hantsi, a daminar shekara ta biyu ta yaƙin basasa, na dawo daga tallan dafaffiyar gyaɗa na tarar da Inna ta tasa farin ƙyallen hula a gaba, ta zuba masa ido kamar mai jiran ya yi magana. Shekarata tara a lokacin. Babanmu direban motar soja ne, kuma wata bakwai ke nan ba mu ji ɗuriyarsa ba. Ran nan aka ce maƙwabcinmu Kofur Sani, wanda ya zo hutun jinya, zai koma kudu bayan kwana tara, ya kuma yi alkawarin cigiyar Baba idan akwai saƙo.

Inna gwanar ɗinkin hula ce, amma ba ta zane. Wani tsoho a Kasuwar Kurmi ake kai wa ƙyalle ya fitar da zane da tawada, ita kuma ta bi da zare. To, a shekarun nan tsohon ba abin da hannunsa ke fitarwa sai jirgin sama da bindiga, don su ake yayi. Inna ta ce mutumin da ke kwana yana tashi cikin bindigogi ba za ta ɗora masa wata a ka ba. Gida take so ya gani. Ita kuwa tana kulle, rabonta da ganin unguwa da rana tun kafin a haife ni.

"Hadiza, ke da ƙafarki ba ta zama, je ki kallo mini Goron Dutse ki zo ki zana," in ji ta.

Ni da ake yi wa faɗan yawo kullum, yau ga shi an aike ni yawon da izini. Na kwana biyu ina zagaya dutsen, farantin gyaɗa a ka, ciniki kuwa ko oho. Na kalli yadda ciyawa ta rufe duwatsu, da kukar da muke tsinkar ganyenta, da kududdufin da shamuwa ke sauka. Na dawo na zana su da gawayi a daɓen tsakar gida. Kakarmu ta leƙo ta ce ba za a zana mai rai a hular da za a yi salla da ita ba. Na fashe da kuka, don shamuwar na fi so. Sai Inna ta ce in zana sawunsu kawai a bakin ruwa, mai ido zai san sun sauka.

Kwana shida tana ɗinki, ni ina saka mata zare a allura, ina daka, ina hura wuta don kada ta tashi. Ba wanda ya furta, amma kowa a gidan yana tsoron kada hular ta rasa kan da za ta hau. Kofur ya tafi da ita, muka shiga jira.

Sai bayan an girbe gero wasiƙa ta zo da rubutun ajami, malamin zaurenmu ya karanta mana. Baba yana raye, an sauya masa runduna ne. Ya ce hular ta zaga hannun duk Bakanon da ke sansanin, suka wuni suna musu, don an sa kukar gabas da dutse alhali tana yamma. Ya ce rabon da ya ji dariyarsu har ya manta. "Ku gaya wa Hadiza ta ɓata hanya, amma ta kawo ni gida." Inna ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba.

Yau gidaje sun haye gindin dutsen, an cike kududdufin, inji ne ke ɗinka hula cikin awa guda. Amma jikata tana ɗaukar hoton unguwa da waya ta zo ta zana a takarda, ta tura wa yayanta da ke nesa. Idan ta sa abu ba a wurinsa ba, ba na gyara mata.