Haƙoran da Glenys Ta Ƙi Tonowa

Duk ƙauyenmu na bakin kogin Severn babu mai taurin kai irin ƙawata Glenys Pockett. Girki take yi a makarantar yara, amma da zarar ruwa ya janye sai ta zura takalman roba ta gangara cikin taɓo, tana tsintar ƙasusuwan tsofaffin halittu da suka zama dutse. Tagar ɗakinta cike take da su. Dokarta ɗaya ce: abin da kogi ya zubar take ɗauka, ba ta taɓa saran gaɓa.

Wata kaka muna tafe, ni ina mita saboda sanyi, sai ta ja ta tsaya. Ga muƙamuƙin wani dodon ruwa na zamanin da, wanda ya zama dutse, ya leƙo daga jikin gaɓa, haƙora reras kamar na zarto. Abin da take nema ke nan tun tana budurwa.

Na ce, "Ke, me kike jira? Bari in ɗauko miki diga!"

Ta ce, "Ɗaga kanki, sarkin gaggawa."

Daidai saman wurin tsohuwar bishiyar tuffa ce ta maƙwabcinmu Hedley, wadda marigayiya matarsa ta dasa. Saiwoyinta ne ke riƙe da ƙasar. Ana saran ƙasan, gaɓar za ta zube da bishiyar.

Na ce, "Kogin nan cika yake yi da hunturu, zai tafi da shi fa!"

"In ya ga dama ya tafi da shi. In ya ga dama ya ajiye min."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk hunturun nan kullum sai ta je ta gaishe da dodonta, har da yi masa hira. Hedley kuwa yana jingine da shingensa yana tsokanarta: "Glenys, yaya angon naki? Har yanzu bai fito ba?"

Sai aka yi ambaliya. Da ruwa ya sauka muka ruga, muka tarar da rami kawai inda muƙamuƙin yake. Bishiya na nan tsaye. Glenys ta dube ta, ta ce ba komai, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Ni ma na kasa faɗin "ai na gaya miki".

Muna isa gida muka ga Hedley a ƙofarta, taɓo har ƙugu, yana haki da baro a gabansa. Ashe tun da ya gane dalilin da ya hana ta tonowa, duk janyewar ruwa sai ya riga ta sauka ya duba. A can ƙasa ya tsinto muƙamuƙin cikin laka, ko haƙori ɗaya bai ɓalle ba.

Ya ce, "Ga angonki nan, na kawo shi. Nauyi gare shi kamar maraƙi."

Glenys ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka. Bana ma bishiyar ta yi 'ya'ya, kwandon farko kuma gidan Glenys aka kai.