Rijiyata da Rijiyar Tankari

Shekara tara ke nan da Allah ya ɗauke Alhaji Tankari, kuma bari in faɗa tun yanzu: duk abin da kuke yaba mishi, wajena ya koya. Taubashina ne, ɗan gwaggona, na girme shi da kwana arba'in, don haka ina da bakin magana. Ranar da 'yan kasuwar Dogon Dutsi suka naɗa shi shugaban ƙungiya, babbar rigata ya ara. Da ya kafa gidauniyar taimakon ƙauyuka, ni na raɗa mata suna. Amma yau ko kaza ta yi ƙwai biyu a Arewa, sai a ce albarkar Tankari ce.

Kujerarshi ni ke kai tun bara waccan. Ban taɓa buɗe taro ba sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce da marigayi na nan. Har samarin da suka sha yi mishi wa'azi don yana gaisawa da 'yan bori, yanzu da shi suke ba ni misali. Na so in ji abin da zai ce da zamanin nan, da ake ba mutum tiyar gero a ɗauke shi hoto bakwai. Dariya zai yi, kuma da ni zai fara.

Abin da ke ba ni haushi da shi a da, jinkiri. Kafin ya gina rijiya ko rumbun tsimi, sai ya yi kwana uku a ƙauyen bisa tabarma, yana shan fura, yana sauraron tsofaffin mata. Ina ce mishi wannan yawon cin tuwo ne. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Bana na ƙudura sai an kira wani abu da sunana. Na zaɓi wani ƙauye bayan Geceme, daga cikin mota na nuna bakin hanya, kusa da wata tsamiya, inda duk mai wucewa zai gani. Aka gina rijiya, ruwa garau, aka kafa allo mai sunana, ya fi ƙofar gidana faɗi. Wata huɗu ba a zura guga ba. Ashe tsamiyar mazaunin Doguwa ce, iskar da garin ke girmamawa tun kakanni. Mata sun gwammace su taka har tsohuwar rijiyar Tankari, da ba ta da rubutu ko na gawayi.

Motarshi ta ruɓe, shagonshi an raba, amma kullum safiya sunanshi na bakin masu ɗibar ruwa. Allah ya jiƙan shi, ko da yake abin na ci mini rai.

Na koma ƙauyen in yi ƙorafi, na tambayi Inna Hajo, tsohuwar da mata ke bi, don me ba a gaya mini ba. Ta ce ai ban sauko daga mota ba. Da ta ga na ɓata fuska, sai ta lallashe ni:

"Yi haƙuri, Alhaji, aikinka bai tashi banza ba. Awakinmu sun samu wurin susa jikin allonka."