Alkasum da Awakin da Suka Ƙi Mutuwa

Kafin mu masu digiri mu iso biro, wato ofis, Malam Alkasum ya share garke, ya buɗe bakin kowace akuya, ya duba idonta. Shekara talatin da ɗaya yana haka a tashar gwajin dabbobi da ke hanyar Tirmini. A takarda, mai shara ne. Watan jiya ya ajiye aiki, muka sallame shi da tabarma da buta.

A farin 1984 ciyawa ta ƙare, aka koma ba dabbobi tunkuza mai fumfuna, tana lalata musu hanta. Muka ware awaki arba'in muka ciyar da su irinta. Ashirin a ba su garin rawaya da sassaƙen maɗaci, ashirin a bar su haka don a ga bambanci. Wato aikin ashirin na biyu shi ne su mutu bisa tsari.

Suka ƙi. Bintu mai kawo mana fura ce ta ba da labari, tana yabonsa, ba ta san ƙara ta kai ba. Ta ga yana zura hannu a bakin lafiyayyar akuyarsa tana tuƙa, ya ciro abin da take taunawa, ya dama da ruwa, ya ɗura wa waɗanda muka hana magani.

Na kira shi na ce ya ɓata aikin wata huɗu.

"Mushe, cikinsu ne ya mutu, na aro musu na mai rai," in ji shi, yana kirana Mushe, wato yallaɓai da Faransanci. "Haka babana ke yi a Zermu. Ba wanda ya gaya mini don mutuwa aka ajiye su."

Ni na sa hannu aka dakatar da shi wata uku, a shekarar da gero ya gagari mai albashi ma. Akuyar nan ya sayar ya ciyar da iyalinsa.

Bayan shekara biyu muka maimaita abin da ya yi, muka kira shi dashen ƙwayoyin tumbi, muka buga rahoto da sunaye huɗu. Nawa ne na biyu. A shafin godiya mun tuna da direba.

Kai ne, Alkasum, mai hannu a bakin akuya, wanda ya dawo aiki bai taɓa tayar da maganar ba. Mun gode, Allah Ya saka maka. Masu tasowa, ku yi koyi da shi, kuma ku tambayi mai shara kafin ku sa hannu.

Jiya na kai masa rahoton har gida. Ya juya shi, ya tambaye ni ko awakin sun haihu.