Ƙarfen da ke Ƙirjin Ɗan Maƙera

An haifi Ɗan Maƙera a shekarar 1961, a wani gari na bakin kogi. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa masaƙiya.

Ƙuruciya da karatu

Yana ɗan shekara tara, ɓarɓashin ƙarfe ya fallatso daga kan uwar maƙera ya shige ƙirjinsa. Ciwon ya warke, ƙarfen bai fito ba. Da aka ga ba zai iya ɗaga guduma ba, sai aka sa shi boko, ya kammala jami'a a 1985.

Aiki

A 1990 ya kama aiki a ɗakin gwajin kimiyya. Yakan shimfiɗa ƙarfe da tagulla hawa-hawa, kowane hawa ya fi gashi siriri nesa ba kusa ba, sannan ya kusanto da maganaɗisu. In hawan ƙarfen sun fuskanci gefe guda, wutar lantarki ta wuce salin-alin. In sun juya wa juna baya, sai ta cije. Yakan ce ƙwayoyin wuta juyi suke yi, kowane hawa kuma mai juyi irin nasa yake bari ya wuce.

Dokar ɗakin ita ce ba a shiga da ƙarfe. Akwai allura mai maganaɗisu rataye da zare a bakin ƙofa, tana tona asirin wanda ya manta makulli a aljihu. Shi ko da singileti ya zo, sai ta juyo ta nuna shi. Abokan aiki sukan ce wa allurar, "Ga angonki ya iso."

Aure da gargaɗi

Ya auri 'yar kawunsa a 1992. A 2004 aka kawo babban maganaɗisu. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce ƙarfen ya fara matsawa wajen zuciya, ya umarce shi ya daina shiga ɗakin gwajin. Matarsa ta roƙe shi, ta haɗa shi da mahaifinsa. Ya ce, "Baba, kai ka taɓa barin ƙarfe a wuta ka tafi?" Ya koma bakin aikinsa.

Rasuwa

Ya gama gwajin a 2011. A shekarar ya faɗi a gaban babban maganaɗisun da hantsi, bai shura ba. Aka yi masa sutura, aka binne shi bayan la'asar. Allah ya jiƙansa.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: babbar, malamar asibiti, mai bi mata, tela, da auta, wanda ya gaji ɗakin gwajin. Auta ya ce har yau allurar takan juya da hantsi, a hankali, daga ƙofa zuwa kujerar mahaifinsa da babu kowa a kai. An hana shi faɗa a gaban mahaifiyarsa.